Abin da Na Koya Kan Zafin Baƙin Mai Kafin In Bar Garejin Rotari

Yanzu da na tattara kayan aikina na bar garejin da na daɗe ina gyaran injinan rotari, wato injinan da ba su da fistin, wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota ne yake juyawa a cikinsu, ina ganin ya dace in rubuta wa abokan sana'a abin da na fahimta game da zafin baƙin mai, domin tambayar da masu motocin Mazda RX-7 da RX-8 suka fi yi mana ita ce digiri nawa ne daidai, kuma amsar da muka saba ba su ba ta cika ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe injin 13B, injin rotarin da aka fi samu a waɗannan motoci, ya san cewa rota ba ta da hanyar ruwa a cikinta. Baƙin mai ne ake fesa mata ta cikin shaf ɗin da take juyawa a kansa, shi ne yake kwaso zafinta ya fita da shi, shi ya sa Mazda take haɗa waɗannan motoci da na'urar sanyaya mai tun daga masana'anta, wasu ɗaya wasu biyu. Har akwai ƙaramin bawul a gaban shaf ɗin da yake rage wannan feshi har sai mai ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, don inji ya yi saurin ɗumama. A injin fistin ana iya sakaci da zafin mai a kwana lafiya, amma a nan idan mai ya wuce kima robobin da ke riƙe shi a gefen rota suna bushewa su taurare, beyarin ya fara cin kansa, zafin kuma ya koma kan gidajen rota na alminiyom da aka matse tsakanin faifan ƙarfe.

Abin da galibin masu sana'ar suke tafiya a kai shi ne, a tuƙi na yau da kullum man da ke shiga inji ya tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyos, idan ya haura 100 a sa ido, idan ya doshi 110 a sassauta ƙafa, 120 kuwa ba wurin zama ba ne. Sai dai waɗannan lambobi ba su da amfani sai an faɗi inda aka auna. Mai yana tashi daga kaskon ƙasan inji, famfo ya tura shi na'urar sanyayawa, sannan ya dawo ta gindin filta ya shiga inji. Sansar auna zafi da aka ɗaura a kasko tana ganin man da ya gama aiki da zafinsa, wadda ke gindin filta kuwa tana ganin wanda aka riga aka sanyaya, don haka mota ɗaya a lokaci ɗaya za ta iya ba da lambobi biyu masu tazara, kuma kowace gaskiya ce. Na sha jin mutum biyu suna gardama a kan motar wa ta fi zafi alhali ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Akwai wuri na uku, inda ba a ganin komai, kuma a nan ne muka raba gari da maigidanmu. Wani mai RX-8 da yake kai motarsa filin tsere ya nemi a sa masa agogon zafin mai. Wanda maigida ya sayo haƙoran da ake murza sansarsa da su na Amurka ne, 1/8 NPT, farantin da za a saka tsakanin filta da inji kuwa ramukansa na Japan ne, 1/8 PT. A ido kamar ɗaya suke, amma ɗaya yana da haƙora 27 a inci, ɗayan 28. Maimakon a jira farantin da ya dace, sai ya ce a haɗa da mahaɗan tagulla, wani kan wani, har bakin sansar ya koma can ƙarshen wani lungu da mai ba ya gudana, iska kuma tana bugun tagullar daga waje. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a nan zafin tagulla za ta auna, man ba zai wuce ta kanta ba." Ya dube ni a gaban yara ya ce tun ban san sifana ba yake ɗaura agogo, in ɗaura in ba mutum motarsa. Na ɗaura.

Motar ta dawo a kan tirela tana hayaƙi, mai ita yana rantsuwa cewa allura ba ta taɓa wuce 90 ba. Da muka duba, ɗaya daga cikin na'urorin sanyaya man ta toshe da laka da busasshen ganye, haƙarƙarinta sun lanƙwashe, robobin rota kuwa da na taɓa su sai suka kakkarye a hannuna. Ina tsaye maigida ya shaida wa mai motar cewa yaronsa, wato ni, shi ne ya haɗa waya ba daidai ba. Da yamma na kwance sansar, na bar ta a jikin wayarta kamar yadda na haɗa, na tsoma bakinta a ruwa mai tafasa, allura ta tashi ta tsaya dab da 100. Na kira shi ya gani da idonsa, ya ɗaga kafaɗa ya ce aikin gama ya gama. Bai taɓa gyara maganar a wurin mai motar ba, an kuma zaftare mini lada na wannan wata. Ban yi masa rashin kunya ba, amma daga ranar duk abin da aka umarce ni in ɗaura ba da son raina ba sai an rubuta shi a takardar aiki da sunan wanda ya ba da umarni.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Bakin sansa ya nutse cikin man da ke gudana, kuma a gwada ta a ruwan zafi kafin a ɗaura. Agogon lantarki ya fi mai siririn bututun tagulla sauƙin bi da shi cikin mota, domin bututun nan idan ya karye sai dai a jefar da agogon gaba ɗaya, amma na lantarki yana son wayar ƙasa mai tsabta, kuma ba a haɗa sansar wani kamfani da agogon wani. A zaɓi mai faɗin zagayen allura wanda ya kai 150, domin a kan mai gajeren zagaye tazarar 100 da 110 ba ta fi kaurin allurar ba, kuma wanda yake da fitilar gargaɗi ya fi, tunda direban da ke cikin kwana ba ya kallon lambobi. A tabbatar ko Salsiyos yake nunawa ko Faranhait, don 212 a Faranhait shi ne 100 a Salsiyos.

Kada kuma a dogara da agogunan da suka zo da motar. Allurar zafin ruwa ta RX-8 an tsara ta ta zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi, sai abu ya yi nisa take motsawa, ta matsin mai a samfurin farko kuwa makunni ne kawai a bayanta, ba ta auna komai. Wanda ya ga mansa ya ƙi wuce 70 a doguwar tafiya shi ma kada ya yi murna, ya fara duba inda sansarsa take, sannan ya duba ko tamostat ɗin na'urar sanyaya man, wato bawul ɗin da ke tura mata mai idan ya yi zafi, ya maƙale yana tura mata shi kullum.