Laraba, ni da yadin Gordon

Ruwan Gilasgo bai ɗauke ba tun asuba. Hanifa ta tafi makaranta da kuka saboda safar hannu, ni kuma na naɗe kilt ɗin kakan Kalum, wato siket ɗin gargajiya na mazan Scotland, a leda na kama jirgin ƙasa zuwa Edinbara.

Kalum ne ya ba ni aikin gyaran kilt ɗin. Asu ya cinye shafin gaba, biki kuma saura 'yan makonni. Da wata mai suna Moira ta duba jiya cewa ta yi, ai Gordon ne, ko'ina akwai. Gaskiyarta. Gordon sunan wani samfurin tatan ne, wato yadin kilt mai ratsi-ratsi: shuɗi da kore da baƙi, da siririn ratsin ruwan ɗorawa, babu shagon da ba ya ajiye shi. Amma wannan na soja ne, tsohon ya yi aiki da rundunar Gordon Highlanders tun kafin a haɗe ta da wata a 1994, kuma ulun ya fi na oza 16 da ake kira mai nauyi yanzu kauri. Ga shi koren ya sha shekaru, ya koma wani kala da ba shi da suna.

Dattijon shagon ya jawo littafin samfur, muka dinga kara ƙyalle ɗaya bayan ɗaya a jikin kilt ɗin a bakin taga, don hasken fitila maƙaryaci ne. Mai duhun nan ya yi duhu da yawa. Mai hasken ya yi fau. Na ce to ko a sa masaƙa a garin Selkirk su saƙa mana? Ya cire tabarau ya ce za su saƙa, lissafin zaren yana nan a rubuce a rajistar tatan da aka buɗe a 2009, zare nawa shuɗi, zare nawa kore, ba za su kuskure ko ɗaya ba. Sai dai rajista ba ta ajiye rinin da ya koɗe. Kuma ba wanda zai ɗaura zare a kan injin saƙa saboda yadi ɗaya, sai na sayi mai yawa, na kuma jira watanni. Duk wadda ta taɓa komawa Kantin Kwari neman cikon anko bayan bandir ya ƙare ta san yadda na ji.

Shi ya ba ni shawara in farke shafin ciki, wanda ba a gani, in dawo da shi gaba, sabon yadi ya koma ƙarƙashi. Dabara ce mai kyau, amma aiki ne ja. Kilt ba a yi masa kalmasa a ƙasa, bakin saƙar shi ne bakin rigar, dole ya zauna daidai. Ratsin nan kuma sai ya haɗu da na tattarar baya, in ya goce ko da kaurin allura ne ido zai kama. Duk da hannu.

Na fito da murnata na kira Kalum. Ban ma gama bayani ba ya yi dariya ya ce, don Allah kada ki wahalar da kanki, ki sa kowane Gordon, wa zai lura?

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har yanzu. Wa zai lura. Ni da ban taɓa ganin tsohon ba ko a hoto, ni ce ke yawo cikin ruwa ina neman kalar korensa, jikansa kuma ko a jikinsa. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, tausayina ya ji, yaron kirki ne. Amma a jirgi na buɗe ledar na ga inda wani ya taɓa yi wa shafin ciki faci da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere, sai raina ya ƙara ɓaci, ban san da wa nake fushin ba.

Tuwon shinkafa, miyar jiya. Safar Hanifa tana cikin aljihun rigarta tun farko.

Abban Hanifa ya ce, "Maman Hanifa, mai kaya ya ce a sauƙaƙa, ke mene ne naki?" Na ce nawa shi ne sunana za a kira in an tambayi wa ya ɗinka. Ya ce to kuɗin ƙarin aikin fa? Nan na yi shiru.

Gobe zan farke shafin cikin. Ba zan gaya wa Kalum ba sai na gama.