Leda nawa lebura zai sha a zafin Abuja?

Aikina rubuta manhajar waya ne, yayana kuwa birkila ne, yana gini a wajajen Lugbe da Kubwa. Idan Maris ya kama, zafin Abuja ya doshi digiri 40, kullum da yaron aikinsa da zai koma gefe da ciwon kai ko ɗaurewar jijiyar ƙafa. Shi ya sa na zauna na haɗa ƙaramar manhajar da za ta faɗa wa kowa ruwan da jikinsa yake buƙata.

Lissafin da aka saba shi ne kimanin mililita 35 ga kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 70 zai sha kusan lita biyu da rabi ke nan. Wannan ya dace da ma'aikacin ofis a Maitama da ke zaune cikin sanyin AC. Wanda ke hawa bene da kwanon kankare a kai, gumin da yake zubarwa a awa ɗaya yana iya kaiwa daga rabin lita zuwa lita biyu, kuma kowa da nasa.

Sai na ɗauki sikeli na tafi wurin ginin. Mutum zai yi fitsari, ya cire riga, ya hau. Bayan awa guda na aiki ya goge jikinsa ya sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa, sai a ƙara abin da ya sha a tsakani. Wani mai cakuɗa siminti ya sauka da kusan kilo guda duk da ledar ruwan da ya sha, bayan rigarsa kuma gishiri ya yi fari fat. Abokin aikinsa, a rana ɗaya da aiki ɗaya, ko rabin haka bai yi ba. Wannan awon ne ya zama ƙashin bayan manhajar.

Da na nuna wa Yaya allon, sai ya ce, "Ƙanena, wa ka taɓa ji yana shan mililita? Ka faɗa mana leda nawa." Ledar fiya wata rabin lita ce, don haka yanzu amsa da ledoji take fitowa, kuma da murya ta WhatsApp, saboda ba kowa ke karanta boko ba. Azumin 2025 ma a Maris ya faɗo, sai na ƙara sashen da ke rarraba ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur, tunda wanda ya ɗura shi gaba ɗaya da asuba, fitsari kawai zai yi ta yi.

Gishiri ne ya fi ba ni tsoro. Litar gumi tana tafiya da kamar giram ɗaya na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, mu kuma miyarmu ta riga ta sha gishiri da dunƙule. Wata 'yar'uwarmu nas ta ja mini kunne cewa da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba. Saboda haka duk wanda ya ce yana da hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya, manhajar ba ta yi masa lissafi, asibiti take tura shi. Sauran kuma tana ce musu kada su yi ta ɗirkar ruwa zalla da cikin wofi, domin yana iya tsinka gishirin jini. Su ci abinci, su haɗa da ayaba, lemu ko dabino. Mai gudawa ya nemi ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, in babu, ya dama ƙaramin cokali shida na sukari, ba a cika su da tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa leda biyu.

Yanzu lissafin hunturu nake yi, lokacin da gumi ke bushewa nan take, mutum bai ma san ruwa na fita daga jikinsa ba. Wasu birkiloli a Jos sun yarda su hau sikelin idan Disamba ya zo.