Auna maiƙon da ke gangarowa ƙasan teku

Maiƙo ya fi ruwa sauƙi, da kansa ba ya nutsewa. Ɗaukarsa ake yi. Matattun ƙananan tsirran da ke shawagi a saman teku, da kashin ƙwarin ruwa, da wani abu mai yauƙi da tsirran ke fitarwa, su ne ke cuɗewa su zama dunƙule. Idan ɓawon alli ko na silika ya shiga ciki sai dunƙulen ya yi nauyi ya kama hanyar ƙasa, wani da 'yan mita goma a rana, wani fiye da mita 100.

Don kama waɗannan dunƙule, mun ɗaura tarko biyu a igiya ɗaya, a zurfin mita 500 da mita 2,000. Kowanne mazurari ne mai faɗin baki rabin murabba'in mita, da kwalabe 21 a gindinsa da ke juyawa duk bayan mako biyu. Mun cika kwalaben da ruwan teku da aka ƙara wa gishiri don ya zauna a ƙasa, da fomalin kashi 2 cikin 100 don hana ruɓewa.

Fomalin ɗin ne ya jawo mana babbar matsala. Ƙananan ƙwarin ruwa masu rai da ake kira kofifod suna iyo su shiga kwalba su mutu, kuma jikinsu cike yake da wani maiƙo mai kama da kaki da suke tarawa don lokacin sanyi. 'Yan kaɗan daga cikinsu sun isa su rinjayi duk maiƙon da ya nutso da gaske. Rariya mai ramin milimita 1 tana kama manyan kawai. Sauran sai an zauna da madubin ƙara girma da hantsaki an tsince su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, domin wanda ya fashe ya riga ya zubar da mansa cikin samfurin. Aiki ne mai gundura, amma lissafin da aka yi ba tare da shi ba ban yarda da shi ba.

Mun tace samfurin a matatar zaren gilashi da aka gasa a zafin digiri 450 na awa huɗu, muka jiƙa ta a sinadaran kulorofom da metanol, biyu bisa ɗaya, don fitar da maiƙon, muka yi amfani da iskar naitirojin wajen busar da shi. Roba ba ta da wuri a wannan mataki, sinadaranta na narkewa su shiga sakamako. Iska da haske kuwa suna lalata nau'o'in maiƙo masu laushi da ake kira EPA da DHA da wuri, shi ya sa komai ke zama cikin duhu a firiza.

Tarkon ƙasa ya kama kaɗan, kamar yadda lissafin masanin teku John Martin na 1987 ya nuna cewa yawan abin da ke nutsewa yana raguwa sosai da zurfi. Irin maiƙon ma ya sauya: bakteriya da ƙwari sun cinye mai laushin a hanya, an bar mai tauri da sitarol (wani nau'in maiƙo mai wuyar ruɓewa), ga kuma alamun maiƙon bakteriyar kansu. A makonnin da na'urar auna karkata ta nuna igiyar ruwa ta kwantar da tarkon, mun ware kwalaben gefe, domin karkataccen mazurari ba ya kama abin da ya dace da faɗin bakinsa.