Na iso gida, ga godiyata

Alhamdulillahi. Shekaranjiya bayan isha'i na sauka Agege. An warware ɗinkin, ƙafar tana taka ƙasa, ko da yake har yanzu sai da sanda. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku gafarce ni, wallahi gajiya ce, barci kawai nake ta yi.

Kun riga kun ji abin da ya faru a Busua, garin nan na gaɓar tekun Gana inda nake koya wa yara hawan igiyar ruwa a kan allo: ruwa ya ja ni da wani yaro Kofi cikin teku, na ji ciwo a ƙafa, sauran ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya ne bai fita daga raina ba, shi ne ranar Talata ce. A yawancin garuruwan gaɓar tekun Gana masunta ba sa shiga ruwa ran Talata, al'ada ce da suka gada, ranar suke gyaran koma. Saboda haka lokacin da ruwa ya ja mu, ni da Kofi, jiragen duk suna kan yashi. Wata uku ina faɗa wa yaran nan cewa in ruwa ya ja ka ciki kada ka yi kokawa da shi, ka bi gefe har ya sake ka. Ranar ga ni da ƙafar da fiffiken allo ya yanka, na ɗora yaro ɗan shekara 9 a kan allon, ina tura shi da hannu ɗaya, bishiyoyin kwakwa suna ta ƙanƙancewa a idona. Kofi bai yi kuka ba. Kallon bakina kawai yake ina maimaita kalmar shahada, shi ma ya kama motsa nasa, bai san me nake cewa ba.

Sai ga jirgin Baba. Shi ne dattijon da kullum yake mana faɗa wai muna tattaka masa koma. Ya ce ko a saƙo kada in ambace shi, to Baba ka yi haƙuri, ban iya ba. Kai da 'ya'yanka biyu kuka tura jirgi ran Talata saboda baƙon da ko yarenku ba ya ji. Allah Ya saka maka, Ya cika maka jirgi da kifi, Ya tsare maka zuri'a a ruwa da tudu.

A asibiti a Takoradi tsorona bai wuce haɗuwa da mahaifiyar Kofi ba. Ni na je har gida na roƙe ta ta bar shi ya koyi hawan igiyar ruwa. Rana ta uku ta shigo da dokunu da soyayyen kifi a ƙunshe, na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ta ja kujera, ta ɓare ganyen, ta gutsura ta miƙo min. Ba na jin Ahanta, ba ta jin Hausa. Har la'asar tana zaune tana kore min ƙuda.

Mutanen zango kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Hajiya mai koko ta zo duba wata 'yar'uwarta, ta ji ina salati da Hausa, shi ke nan ta mai da ni ɗa. Kwana 11 koko da ƙosai ba su yanke ba. Malam Liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, aka haɗa sidi aka biya sauran kuɗin magani. Direban da ya kwaso ni daga Agona Nkwanta ya ƙi karɓar ko sisi, ga jinina ya ɓata masa kujera. Abokan aikina na bakin ruwa, da 'yan Tarkwa Bay da suka fara ɗora ni kan allo kuma suka turo nasu taimakon daga Legas, na gode. Allah Ya biya muku bukatunku, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya sa kada ku ga ranar da za ku nemi taimako ku rasa. Amin ya Rabbi.

Akwai namu na jini a unguwar Nima da ke Akara. Daga Akara zuwa Takoradi tafiyar awa huɗu ce ko biyar. Na san kowa da uzurinsa, kuma tun farko an ce min me ya haɗa Bahaushe da teku. Ba komai, ban riƙe kowa ba.

Inna, ki yafe min tashin hankalin da na jawo miki. Na ji an ce kwana uku ba ki sa komai a baki ba.

Allon na bar wa Kofi. An turo min hotonsa jiya, ya koma ruwa, amma iya gwiwa kawai mahaifiyarsa ta yarda. Masu son zuwa dubiya ku bari sai bayan Juma'a, don Allah.