Hita a cikin matatar ruwa ko a cikin tankin kifi: wacce ta fi cin wuta?

Sana'ata ita ce haɗa tankunan gilashi na kifin ado da kula da su, kuma masu saye sun fi tambayata wace hita ce ba ta cin wuta sosai, wadda ake nutsawa a cikin tanki ko wadda aka ƙera a cikin matatar ruwa. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin kowace hitar lantarki tana mayar da kusan duk wutar da ta ja zuwa zafi. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin wat 1.16 na tsawon awa guda, ko daga ina zafin ya fito.

Inda ake samun bambanci shi ne hanyar da zafin ke bi ya zurare. Hitar cikin tanki ruwa ne ke kewaye da ita, ba ta da asara. Matatar waje mai hita, wato wadda ake ajiyewa a wajen tanki, irin ta kamfanin Eheim ko Oase, jikinta da tiyonta suna sakin ɗan zafi ga iskar ɗaki, sai dai duk tankin da ke da matatar waje yana yin wannan asara ko da hitarsa tana ciki, tun da ruwan ɗumi ne ke zagayawa ta tiyon. Babbar ƙofar asara ita ce saman ruwa, inda tururi ke tashi da zafi dare da rana, shi ya sa ba na barin tanki ya fita daga hannuna ba tare da murfin da ya zauna daidai ba.

Duk da haka, a manyan tankuna hitar cikin matata nake sakawa, saboda ruwa mai gudu ne ke bi ta kanta, zafin ya bazu ko'ina. Maigidan da ya koya mini aiki ba ya yarda da lambar da ke jikin hita. Yakan sa in liƙa ma'aunin zafi a kusurwoyi biyu masu nisa da juna, in ya ga sun saɓa sai ya ce in sake wa hitar wuri, domin idan tana lungun da ruwa ba ya motsi takan ɗumama kewayenta ta kashe kanta, kifin da ke can gefe yana cikin sanyi. Har yau haka nake gwada kowane tanki, sai na ga ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, wanda yawancin kifin ƙasashe masu zafi ke so. Ga shi kuma idan hitar tana cikin matatar ruwa, babu gilashin hita a tanki da zai fashe idan an rage ruwa an manta ba a kashe ta ba, ko ya ƙona kifin da ke son kwanciya a jikinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne hitocin jabu da suka cika kasuwa. Za a rubuta wat 200 a kwali, amma ɗan makunnin da ke kashe ta idan ruwa ya yi zafi ba ya daɗewa yake maƙalewa, ta yi ta jan wuta har ta dafa kifin mutum. Mai saye zai tsaya yana ja-in-ja da ni a kan ragi, yana nuna mini hoton mai araha a waya, ni kuwa ba na saka hitar da ban kwana da ita a ruwa na ga tana kunnuwa tana mutuwa a kan lokaci ba. Ga wanda zai saya da kansa, ya lissafa kimanin wat ɗaya ga kowace lita, ya ƙara kaɗan idan ɗakin yana da sanyi.