Izu Goma a Takarda, Izu Biyar a Ƙirji

A farkon Janairun 2024 na ɗaura niyyar ƙara izu goma a kan haddar da na taso da ita tun ina Islamiyya, wato Sabbi da Amma, kafin shekara ta ƙare. Na san akwai masu ganin cewa ɗaukar ƙuduri a Janairu ba al'adarmu ba ce, in ma za a yi to Muharram ya fi dacewa, amma ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, a ƙarshen Disamba nake rufe lissafin shago, in biya waɗanda suke bi na, in ga abin da ya rage, don haka a lokacin ne tunanin yadda na kashe shekarata yake zo mini ko ban neme shi ba. Lissafin da na yi a takarda ba shi da aibu. Kowane izu sumuni takwas ne, izu goma sumuni tamanin ke nan, shekara kuma mako 52 ce, ko sumuni biyu a mako ma ba na bukata.

Ni da wasu abokan kasuwa muka buɗe zaure a WhatsApp, muka yi alkawarin kowa zai riƙa rubuta inda ya tsaya bayan sallar isha'i. Watannin farko sun tafi fiye da yadda na zata, kuma ba ƙoƙarina kaɗai ba ne ya jawo hakan. A Fabrairun shekarar dala ta kusa taɓa naira 1,900 a Wapa, farashin atamfa da shadda yana sauyawa tsakanin safe da yamma, masu saye suka ɗauke ƙafa, mu ma muka ji tsoron sayar da abin da ba za mu iya mayar da shi ba. Sai zama ya yi yawa a shago, ni kuma na mayar da zaman ya zama na karatu. Na haye Ƙul'uhiya, na haye Tabara da Yusabbihu, kafin a ga watan azumi da aka fara ranar 11 ga Maris har na shiga Ƙad Sami'a. Kullum dare ina rubuta sabon sumuni a zaure, ana ta yi mini Masha Allah, wasu har suna cewa da wannan gudun zan sauke kafin shekara uku. Tun daga Janairu har zuwa azumi babu wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa yaushe rabonsa da Suratul Muzzammil. Abin da muke aunawa ɗaya ne kawai, shi ne ƙari.

Wajen tsakiyar azumi limamin masallacin layinmu ya tafi Umara, wata rana kuma na'ibinsa bai iso ba har lokacin asham ya yi. Jama'a sun san ina hadda, domin ban ɓoye ba, sai aka tura ni gaba. Raka'o'in farko na yi su da gajerun surori lafiya lau, daga nan zuciya ta raya mini in ɗauko wani abu daga sabuwar haddata, na zaɓi Suratus Saffi saboda ayoyinta 14 ne kacal. Wanda ya san wurin ya san cewa ayar farko ta Saffi da ayar farko ta Hashri iri ɗaya ce harafi da harafi. Ina gama ayar farko harshena ya zarce cikin Hashri, wadda ita ce na haddace a makon, ban ma ankara ba sai da wani yaro a sahun baya, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya ɗaga murya ya tuna mini. Na dawo, na karanta aya ɗaya, kai ya sake kullewa. Yaron ya sake tuna mini. Gumi ya keto mini har ta cikin hula, na lallaɓa na ƙara aya biyu na yi ruku'u. Ayar da ta ɓace mini ita ce wadda take tambayar muminai dalilin da ya sa suke faɗin abin da ba sa aikatawa, kuma na gwammace a ce wata ce daban.

Da na koma gida na rufe Alƙur'ani na gwada kaina sura bayan sura. Tagabuni ta tsaya a tsakiya. Ƙalami na kama farkonta na rasa ƙarshenta. Ma'ariji da Haƙƙa sun cakuɗe da juna. Abin da ya rage mini da ƙarfi bai wuce karatun mako biyun ƙarshe ba, sai Sabbi da Amma da aka dasa mini da bulala ina yaro. Wata uku na yi ina zuba sabo a kan tsoho ba tare da na waiwaya ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin lokacin sarari irin na Fabrairun nan bai sake dawo mini ba a duk shekarar.

Mutane suna yawan cewa lalaci ne yake kashe ƙudurin sabuwar shekara. A wurina ba haka ba ne. Abin da ya kusa kashe nawa shi ne sanyin gwiwar da ya biyo bayan gano cewa abin da nake taƙama da shi babu shi. Goman ƙarshe na azumi kuma ta ba ni uzurin da nake nema, domin duk wanda ya san Kwari ya san lokacin kayan sallah ba a zama, ga kuma baƙi daga Maraɗi da Damagaram sun dawo bayan an sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris. Aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, kasuwa ta lafa, uzuri ya ƙare, amma ban koma ba. Ga zafin bazara, ga rashin wuta, mutum ya kwana yana juyi a tsakar gida, da asuba ba abin da yake so sai ya koma barci. A zaure kuwa abokai suna ta wuce ni, ni kuma na yi shiru kamar ba na nan.

Matata ce ta ce in je wurin wani tsohon alaramma da yake karantar da almajirai a bayan layinmu. Na je da yamma, na gaishe shi, na zayyana masa komai har da abin da ya faru a asham. Ya ce in ɗauko daga Tabara. Ban kai ƙarshen shafi na biyu ba ya ɗaga hannu.

"Alhaji, izu nawa ka ce kana da shi?"

"Allah ya gafarta malam, har da na yarinta shida ne."

"A shagonka, kayan da aka ba ka bashi kana lissafa su cikin jarinka?"

Na ce a'a. Ya ce to huɗun nan ba nawa ba ne tukuna. Sannan ya kawo mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda yake umartar a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Na san hadisin tun da daɗewa, na sha jin sa a wa'azi, ban dai taɓa ɗauka da ni ake ba.

Sharaɗinsa ya yi mini tsauri. Ba zai biya mini ko aya ɗaya sabuwa ba har sai bayan Babbar Sallah, tilawa kawai zan riƙa kawowa bayan sallar asuba, kuma duk sumunin da na yi tuntuɓe a cikinsa fiye da yadda ya yarda, gobe shi zan maimaita. Ya kuma hana ni wata ɗabi'a da ban taɓa zaton tana da illa ba. Ina karatu a waya in ina cikin adaidaita sahu, a shago ina da wani Alƙur'ani bugun Warshu da na gada, a gida kuma bugun Madina na Hafsu mai shafi 604 da layi 15 a kowane shafi. Ya ce ido ma yana hadda, yana riƙe cewa aya kaza tana saman shafin dama, wata tana ƙasan na hagu, wanda yake sauya bugu kullum yana rushe wa idonsa abin da ya gina, balle a ce ruwayar ma ba ɗaya ba ce. Na zaɓi bugun Madina, na sayi ƙarami irinsa na ajiye a shago.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa 16 ga Yuni da aka yi Babbar Sallah shi ne lokaci mafi wuya a shekarar, kuma shi ne nake so duk mai ɗaukar ƙuduri ya sani tun kafin ya fara. Babu wani abin nunawa. Ba ka da sabon sumuni da za ka rubuta a zaure, ba wanda zai yi maka Masha Allah don ka maimaita Suratul Mulki da kowa yake ganin ka wuce ta tun Janairu. Na sa zauren a shiru, ban fita ba don kada a ga kamar fushi na yi, amma na daina leƙawa, domin duk lokacin da na ga wani ya rubuta cewa ya shiga Zariyati sai in ji kamar in koma gudu. Abin da ya riƙe ni a wannan tsakanin ba himma ba ce, himmar ta daɗe da tafiya. Kunyar dattijon nan ce. Na san yana zaune a kan buzunsa bayan asuba, almajirai kewaye da shi da allunansu, ya bar mini wuri a gefensa na dama, kuma in ban zo ba zai aiko yaro ya tambaya ko lafiya. Saƙon waya ana iya share shi, amma yaron alaramma a ƙofar gida da sassafe ba a iya share shi.

A wurinsa ne kuma na lura da abin da tsarin tsangaya ya daɗe da sani. Almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya gamsu cewa abin da ke kai ya zauna, ga hutun Alhamis da Juma'a a cikin kowane mako, ga tilawar dare da ta asuba waɗanda ba ƙari a cikinsu. Jadawalin da na zana a Janairu ba shi da ranar hutu, ba shi da ranar bita, kuma ya ɗauki kowane wata tamkar Janairu, alhali shekarar ɗan kasuwa a Kano tana da azumi da sallah biyu da bazara da damina, kowanne da irin nauyinsa. Da na zauna da kalanda tun farko na cire watan azumi da makonnin layya daga lissafin ƙari, da na ga cewa izu goma ba ta shiga cikin abin da ya rage, sai dai in an cinye lokacin tilawa, wanda kuwa shi ne ainihin abin da na yi.

Bayan sallah ya fara biya mini sabo, rabin shafi, wani lokaci ƙasa da haka, kuma sai na kawo izu guda na baya kafin ya saurari sabon. Ya ce in riƙa karanta tilawar ranar a nafilar bayan magariba, domin a cikin sallah ne mutum yake sanin gaskiyar haddarsa, inda babu damar leƙa takarda. Wannan na riga na ɗanɗana shi a gaban jama'a, ban yi musu ba. Muka kuma yi yarjejeniya a kan ranakun da abubuwa suka cushe: ko me ya faru, sumuni ɗaya na tilawa ba ya faɗuwa, ko da a tsaye ne a bakin shago. Wannan ɗan ƙaramin ma'auni shi ya fitar da ni daga damina, ranakun da ruwan asuba ya hana fita, shi ya fitar da ni a farkon Agusta lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. A ƙarshen Oktoba da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki, masu karatu a waya suna yawon neman caji, ni ƙaramin Alƙur'anina yana aljihu.

Akwai ranakun da ko sumunin ban yi ba, musamman a lokacin bukukuwan Disamba. Bambancin shi ne yanzu rashin kwana ɗaya ba ya zama rashin wata guda, domin ba jerin kwanaki nake karewa ba balle in ce ya tsinke, kuma washegari akwai mai jira na.

Disamba ta ƙare ina ƙarshen izun Rahman, bayan Hadidi da Waƙi'a. Izu biyar ke nan a kan na yarinta, rabin abin da na rubuta a takarda, kuma huɗu daga ciki sau biyu na haddace su. Duk wanda ya tare ni yanzu ya ce in ɗauko daga ko'ina tsakanin Rahman da Nasi zan ɗauko, kuma ina faɗin haka da wani irin farin ciki da ban samu ba a duk daren da ake yi mini Masha Allah. Amma ba zan ce ban ji haushi ba, domin da tun Janairu na raba lokacina tsakanin ƙari da tilawa, da bakwai ko takwas nake magana a kai, da kuma yaron sahun baya bai san ni ta wannan hanyar ba.

Da za a shiga 2025 na kai wa alaramma sabuwar takarda mai izu shida. Ya karɓa ya duba, ya tambaye ni yaushe azumi zai kama. Na ce farkon Maris, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Ya ce to daga tsakiyar Sha'aban har bayan Ƙaramar Sallah babu ƙari, haka ma goman farko na Zulhajji, in je in sake lissafi. Na sake, ya fito huɗu, ya ce in rubuta uku.