Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Rumbu

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baffa, amma yau sai na koma kan Goggo, don maganarta ce ta hana ni barci.

"Cikinki rumbu ne, ba ya cika." Ina 'yar shekara tara ta fara faɗa min, a tsakar gidanmu na Bauchi, gaban kowa. Kwano ɗaya muke ci da Yaya. Ita masa uku ta kora da kunu ta tashi, ni in ci biyar idona na kan tanda. Yaya siririya ce kamar dangin uwarta. Ni jikin Inna na ɗauko, Inna ta ɗauko na Kaka, duk gidan sun san haka, amma nawa kaɗai aka kira kwaɗayi. Har ranar kamuna, ina cikin lalle, sai da Goggo ta ce wa dangin ango su tanadi hatsi, rumbu za a kai musu.

Sai bayan haihuwata ta uku, da ciwon suga ya kai ni asibiti, wata likita ta zaunar da ni. Ta ce tumbi na fitar da wani sinadari, girelin, da ke ƙaruwa kafin lokacin cin abinci ya shaida wa ƙwaƙwalwa yunwa ta zo. A Japan aka gano shi a 1999. Kitsen jiki na aika nasa saƙon, leftin, wanda aka gano a Amurka a 1994. Hanji kuma na da GLP-1, mai cewa an ƙoshi. Ba kowace ƙwaƙwalwa ke jin saƙonnin nan daidai ba, kuma binciken tagwaye ya nuna gado na da babban kaso a ƙiba.

Na ce, "Likita, to me ya sa duk sanda na takura kaina na rame, yunwar sai ta ninka?" Ta ce in jiki ya ragu, leftin na sauka, girelin na hawa, jikin na neman abin da ya rasa. Ta ce in ci gaba da tafiyar safe, in rage zaƙi, amma in daina zagin kaina.

A Keke Napep na yi ta kuka har Wunti. Lokacin Goggo ta shekara biyu a ƙasa, Allah Ya jiƙanta. Na so a ce tana kan bencin nan ta ji da kunnenta.

Shekaranjiya a gidan suna na ji wata ta ce wa Autata rumbu. Na ajiye kwanona, na kama hannun yarinyar muka fito, ko sallama ban yi ba.